«Ta Lalace» Ba Bayani Ba Ne

Iyaye da 'yan'uwana malamai, akwai kalmar da ta ishe ni: «ta lalace». Daga Ƙonni zuwa Galmi har Badagishiri, duk lokacin da kwamfuta ko waya ta ƙi aiki, abin da za ka ji ke nan. Ba mai tambayar wane tsarin sarrafawa ke cikinta, balle fitowar wace shekara ce.

A wata makaranta da na koyar, an ba mu kyautar tsofaffin kwamfutoci masu Ubuntu. Manhajar rubutu ta riƙa rufewa da kanta. Aka kira mai gyara, ya leƙa intanet, ya ga rahoton da ya ce an magance wannan matsalar, sai ya yanke hukunci cewa injinan ne suka mutu. Aka kulle su a ɗakin ajiya, ƙurar hunturu ta same su, aka kuma nemi iyaye su haɗa jika-jika. Daga baya na duba da kaina: gyaran da ya karanta na sabon fitowa ne, namu kuwa tsoho ne da gyaran bai iso shi ba. Injinan lafiyarsu lau.

Tsarin sarrafawa fitowa-fitowa yake yi. Lambar Ubuntu ma kwanan wata ce: 22.04 na nufin Afrilun 2022, 24.04 Afrilun 2024. Debian 11 ya fito a 2021, Debian 12 a 2023. A rumbun rahotannin kurakurai na Debian, ana rubuta sigar manhajar da aka ga kuskuren a cikinta da sigar da aka gyara shi. Saboda haka rahoto ɗaya yana iya zama rufaffe ga mai sabon tsari, alhali matsalar na nan daram ga mai tsoho. Wanda ya tace rahotanni bai fara tantance nasa fitowar ba, amsar wani ya karanta. Ko a likita sai an tambayi shekarun yaro kafin a auna masa magani.

Na san abin da wasu za su ce: mu da wuta ma ba ta ishe mu ba, ina ruwanmu da lambobi? Ai mu ne ya fi shafa. Mai kuɗi sabo yake saye. Mu kuwa na hannu muke samu, wayoyin da suka ƙetaro iyaka da kwamfutocin da wani ofishi ya gama yayinsu. Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. A Oktoban 2023 WhatsApp ya bar aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5.0 ba. Uban da bai san haka ba zai yi ta biyan kuɗin gyara kan abin da ba ya gyaruwa a wannan wayar.

Laifin, a ganina, namu ne mu malamai. Muna sa yara su haddace cewa kwamfuta tana da allo da linzami, su zana ta da alli, amma ba mu nuna musu abin da bai kai minti ɗaya ba. A Windows, a rubuta winver. A Ubuntu ko Debian, a rubuta cat /etc/os-release. A waya, a shiga «Paramètres», a sauka zuwa «À propos du téléphone».

Ni dai a ajina, ɗalibin da ya zo mini da «Malam, ta lalace» komawa yake yi, sai ya dawo da sunan tsarin, da lambar fitowarsa, da abin da ya danna kafin ta tsaya. Shugabannin makarantu kuma, kafin ku sa hannu a takardar karɓar kyautar kwamfuta, ku sa a kunna ɗaya a gabanku a karanta muku lambar.