Sitiroberi da Lemun Tsami: A Yi Tanadi Tun Hunturu Don Zafin Bazara

 A wannan makon tukunya za ta ɗan huta, domin abin sha za mu haɗa: sitiroberi da lemun tsami, mai kauri da sanyin ƙanƙara, irin wanda sai an sa cokali ake shan sa.

Kafin mu shiga kicin, ga wani bayani da ya kamata kowa ya riƙe. A wasu manyan gidajen cin abinci za ku ga irin wannan abin sha da sunan "daikiri". Sunan wani ƙauye ne a ƙasar Kuba, kusa da birnin Santiyago, kuma haɗinsa na asali da giyar rake ake yin sa. Saboda haka duk inda kuka ga wannan suna a takardar abinci, ku tambaya kafin ku saya. Namu na yau babu ko ɗigon giya a cikinsa: 'ya'yan itace ne da sukari da ruwa kawai.

Matsalar sitiroberi ɗaya ce, lokacinsa da lokacin da muka fi son sa ba su cika haɗuwa ba. Shuka ce mai son sanyi, shi ya sa a Najeriya jihar Filato ta yi suna wajen noman ta, musamman ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu. Tudun Jos ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, don haka yanayinsa ya dace da ita. Da hunturu take cika kasuwa, a nan ne kuma farashinta ke sauka. Amma lokacin da zafi ya tsananta a watan Afrilu da Mayu, ana ta shirin jarrabawa ana fifita da littafi, sai ta fara ƙaranci ta yi tsada. Ga shi kuma ba ta da haƙuri: kwana ɗaya ko biyu a waje ta fara laushi da fumfuna, kuɗin da aka kashe ya tafi a banza.

Maganin wannan shi ne a daskarar da ita tun tana da yawa. Daskarewar kuma tana da amfani biyu. Na farko, tana ajiye ta har zuwa lokacin zafi. Na biyu, ita kanta sitiroberin ce za ta zama ƙanƙarar abin shanku. Kashi 90 cikin 100 na jikinta ruwa ne, don haka idan ta daskare aka markaɗa, za ta ba da kauri da sanyi ba tare da an zuba ƙanƙara mai yawa ba. Wanda ya markaɗa ɗanyar sitiroberi da tulin ƙanƙara kuwa, cikin 'yan mintuna ƙanƙarar za ta narke, ya tashi da jan ruwa salam ba ɗanɗano.

Wajen saye

Ku zaɓi wadda ta yi ja jawur har wuya, ganyen kanta kore shar. Sitiroberi ba kamar mangwaro ko ayaba ba ce, idan an tsinke ta ba ta ƙara nuna, wadda aka sayo da fari-fari haka za ta zauna da tsaminta. Ku ɗaga robar ku duba ƙasanta, domin a can waɗanda suka murƙushe suke ɓuya. In kun ga ruwa ya taru ko fumfuna ta fito, ku ajiye ku ɗauki wata.

Yadda ake daskarar da ita

A wanke hannu da sabulu. A zuba sitiroberin a matsami, a ɗauraye ta da ruwa mai tsafta tun ganyen yana jikinta, domin in an cire shi tukuna ruwa kan shige ciki ya rage mata ɗanɗano. A baza ta a kan tsaftataccen ƙyalle ta tsane sarai, sannan a cire ganyen, a raba kowace gida biyu. A jera a faranti ɗaya-ɗaya, kada su hau kan juna, a sa a firiza na awa huɗu ko a bar su su kwana. Idan sun yi tauri sai a juye a leda mai kauri, a matse iskar ciki, a ɗaure. Amfanin jerawa a faranti shi ne kada su manne su zama dunƙule ɗaya. Duk lokacin da ake so sai a ɗebi daidai buƙata a mayar da sauran. Muddin firizar na riƙe sanyinta, za su yi watanni ba su lalace ba.

Kayan haɗi (na mutum biyu)

Daskararriyar sitiroberi, kofi biyu
Lemun tsami guda biyu masu ruwa
Ruwan sukari, babban cokali uku
Ruwan sha mai sanyi, rabin kofi
Ganyen na'a-na'a uku ko huɗu, ga mai so

Ruwan sukari shi kaɗai ne abin da zai sa mu kunna wuta. A zuba sukari rabin kofi da ruwa rabin kofi a ƙaramar tukunya, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har sukarin ya narke, a sauke ya huce. Dalilin yin haka shi ne sukari ba ya saurin narkewa cikin abu mai sanyi. In aka zuba shi tsagwaronsa, sai a riƙa jin sa kamar yashi a haƙori. Abin da ya rage a zuba a kwalba mai murfi a sa a firiji don wani lokaci. Mai zuma zai iya amfani da ita a madadinsa, ya dama ta da ruwa kaɗan tukuna.

Yadda ake haɗawa

A fito da sitiroberin ta sha iska na minti biyar, don kada taurinta ya wahalar da bilenda. Kafin nan a murza lemun tsamin a kan tebur da tafin hannu, zai fi ba da ruwa. A yanka a matse, a tace 'ya'yan, domin in suka shiga markaɗe ɗaci za su kawo. A fara zuba ruwan sanyi da ruwan lemun tsami da ruwan sukari a bilenda, sannan sitiroberin ta biyo baya. A riƙa kunnawa ana kashewa sau huɗu ko biyar, sannan a bar ta ta yi aiki har komai ya yi laushi. In ta cije, a kashe, a zare wayar daga soket, a juya da cokali, a ƙara ruwa babban cokali ɗaya. Kada hannu ko cokali ya shiga bilenda tana jone da wuta, kuma ƙananan cikinku su nemi Mama ko yayarsu ta tsaya a kai.

Sai a ɗanɗana. Sitiroberi ba ta zama ɗaya, wata zaƙi wata tsami, don haka harshe ne alƙali. In tsami ya yi yawa a ƙara ruwan sukari kaɗan, in zaƙi ya rinjaya a ƙara matsa lemun tsami. A zuba a kofi a sha nan take, a hankali, domin wanda ya yi gaggawar haɗiye abu mai tsananin sanyi zai ji goshinsa ya sara.

In babu bilenda ko babu wuta

Wanda ba su da bilenda a gida, ya murƙushe ɗanyar sitiroberi da cokali mai yatsu ko a ƙaramin turmi mai tsafta, ya haɗa da sauran kayan, ya zuba a faranti mai faɗi ya sa a firiza. Bayan awa ɗaya ya kankare gefen da ya fara daskarewa da cokali mai yatsu, ya mayar, ya riƙa maimaitawa duk bayan rabin awa sau uku ko huɗu. Zai samu ƙanƙara mai laushi, warwas, ja gwanin sha'awa.

In wutar ce babu gaba ɗaya, darasin kimiyya zai cece ku. A zuba haɗin a leda mai kauri a ɗaure tam, a ƙara sa ta cikin wata ledar. A fasa ƙanƙara kimanin kofi huɗu a roba mai murfi, a barbaɗa gishiri rabin kofi, a tura ledar tsakiya, a rufe, a naɗe robar da tawul a yi ta girgizawa na minti goma zuwa sha biyar. Gishiri yana sa ƙanƙara ta narke a ƙasa da digiri sifili, wannan ruwan gishiri mai tsananin sanyi shi ke zuƙe zafin abin da ke cikin ledar har ya daskare. A ɗauraye bayan ledar kafin a buɗe, kada gishiri ya shiga.

Maganar ƙanƙara

Mutane da yawa suna ɗaukan cewa duk abin da ya daskare ya tsarkaka. Ba haka ba ne. Sanyi yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa ne kawai, ba ya tabbatar da mutuwarsu, kuma ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa na iya kawo taifod ko kwalara. Manyan bulo-bulon ƙanƙara da ake sayarwa a bakin titi an yi su ne don sanyaya kaya daga waje, kamar yadda muka yi a dabarar gishiri. Duk ƙanƙarar da za ta shiga cikin kofi, ta zama ta ruwan da kuka yarda ku sha ne. Haka kuma in an ɗauke wuta, a daina yawan buɗe firiza. Sitiroberin da ta fara saki amma akwai sauran ƙanƙara a jikinta, a yi amfani da ita a ranar. Wadda ta narke gaba ɗaya ta yi ɗumi ta canza wari, a zubar. Rigakafi ya fi magani, balle a makon jarrabawa.

Abu biyu kuma game da lemun tsami. A wanke hannu bayan an matse shi kafin a fita rana, domin ruwansa in ya haɗu da rana a fata yana iya haddasa ƙuna da tabo. Sannan a kurkure baki da ruwa bayan an sha, saboda tsami yana cin haƙori a hankali.

Me jiki ke samu?

Giram 100 na sitiroberi na ɗauke da bitamin C kusan miligiram 59, wato ya ɗan ɗara na lemun zaƙi, lemun tsamin ma yana ƙara nasa. Inda za a kula shi ne sukari. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a rana, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga babba, kuma in an rage zuwa shida ya fi. Haɗinmu na yau yana ba kowane kofi kusan ƙaramin cokali uku. Fa'idar haɗawa a gida ke nan: cokalin yana hannunku.

Wanda sitiroberi ba ta kai garinsu ba, ko aljihu bai yarda ba, kada ya karaya. Kankana ko mangwaro suna karɓar wannan haɗi daidai: a yanka, a cire 'ya'ya ko ƙwallo, a daskarar, a markaɗa da lemun tsami. Ana kuma iya yin rabi sitiroberi rabi kankana don roba ɗaya ta ishi gida duka.

Ga ɗan aikin gida ga 'yan ajin kimiyya. Sinadarin da ke ba sitiroberi jan launi sunansa antosayanin, dangin wanda ke cikin zoɓo, kuma launinsa yana canzawa gwargwadon tsami. Ku zuba zoɓo kaɗan a kofi biyu, ku ɗiga lemun tsami a ɗaya, jiƙaƙƙiyar kanwa a ɗayan, ku rubuta abin da kuka gani, sannan ku zubar da su. Daga nan za ku gane dalilin da ya sa lemun tsami ke ƙara wa abin shanmu haske, ku kuma kai wa malamin kimiyyarku sakamakon ya yi muku ƙarin bayani.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa da yardar Allah. A sha lafiya, a kuma yi karatu.