Dokar Karta Kafin Rabo Ake Yanke Ta

Duk wanda ya saba da majalisun matasa a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ya san cewa wasan Whot ba ya nisa kafin musu ya tashi. Wani ya jefa lamba 2, na kusa da shi ya ɗora wata 2 a kai, ya ce na gaba ya ɗauki huɗu. Na gaban ya ce sam, a inda ya koya ba a tarewa. Nan take sai wasa ya koma shari'a, ga masu ƙara amma babu alƙali.

Tushen rigimar yana jikin katin. William Henry Storey ne ya ƙirƙiri Whot a Ingila a 1935. Kati 54 ne, masu siffa biyar: da'ira, alwatika, kuros, murabba'i da tauraro, sai guda 5 masu lamba 20 waɗanda wasan ya ci sunansu. Ban da siffa da lamba, katin bai faɗi aikinsa ba. Cewa 1 tana ba mai ita damar ƙara jefawa, 2 a ɗauki biyu, 5 a ɗauki uku, 8 a tsallake na gaba, 14 kowa ya je kasuwa, duk a bakin mutane suke yawo, kuma baki ba ɗaya ba ne. Wanda ya taso a Kano, da wanda ya zo daga Maradi, da haifaffen Kumasi, kowa da abin da ya tarar.

Wasu na ganin maganin shi ne a rubuta aikin kowane kati a jikinsa. An gwada hakan a wasannin katin da ake tarawa ana musaya. A Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya tsara kuma ya fito a Amurka a 1993, kati na ɗauke da bayanin aikinsa, kuma ƙa'idarsu ita ce idan rubutun kati ya saɓa wa dokar wasa, rubutun ne ke rinjaye. Duk da haka sai da suka tanadi rumbu mai suna Oracle, inda ake ajiye lafazin ƙarshe na kowane kati, suka kuma sa alƙalai a gasanninsu. Kamfanin Konami ma, mai Yu-Gi-Oh!, ya sake salon rubutun katunansa a 2011 don rage saɓanin fahimta. Ashe rubutu kaɗai ba ya kashe musu, sai an san tun farko wanda maganarsa ce ta ƙarshe.

Ra'ayina shi ne bambancin dokoki ba aibi ba ne. Aibin yana lokacin da ake fassara su. Mutumin da ya riga ya ga katin hannunsa ba ya fassara doka, buƙatarsa yake fassarawa. Mai riƙe da 2 zai rantse ana tarewa. In an sake rabo ya rasa ta, sai ya tuno cewa ba a yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ba baƙon darasi ba ne a zango. Fataken goro da suka kafa unguwanninmu kan sauka ne a wurin maigida, shi ke ba su masauki, ya tsaya musu a ciniki, a kuma daidaita sharaɗi kafin kaya su bar hannu. Haka ya dace a yi a tabarmar karta: dokar masu masauki ita ce doka, amma wajibi ne a faɗa wa baƙo ita kafin a raba. A yanke abu huɗu: ana tare 2 da 5 ko ba a yi, lamba 20 tana kare hukunci ko siffa kawai take sauyawa, ana iya gamawa da kati mai aiki, kuma mene ne tarar wanda ya manta bai sanar da katinsa na ƙarshe ba. Abin da ya taso daga baya, wanda ba ya cikin wasan ya yanke, hukuncin kuma ya zauna har a tashi.

Masu cewa musu shi ne gishirin wasa suna da gaskiyarsu, muddin ya tsaya ga raha. Amma da zarar kuɗi ya shiga, wasa ya zama caca, wadda addini ya haramta, kuma a nan ne zumunci ke tsinkewa. Ga kuma ƙannenmu da ke tsaye a bayanmu suna kallo. Idan suka ga doka tana bin mai ƙarfin murya, da wannan fahimtar za su shiga kasuwa da filin ƙwallo da taron ƙungiya. Idan suka ga babba ya ɗauki huɗu bai ce uffan ba, saboda haka aka yi alkawari, sun koyi abin da wa'azi kan daɗe bai dasa ba.

Allah Ya sa mu zama masu cika alkawari, ko da a wasa ne.