Zuwa ga Ƙannena Masu Sana'ar Kwamfuta a Roni



Da ku nake, ku da kuka gama sakandare kuka nufi Kazaure koyon kwamfuta, ko a makarantar Informatics da gwamnatin Saminu Turaki ta kafa a 2001, ko a kwalejin Hussaini Adamu, ko a shagon wani maigida. Madalla da wannan zaɓi. Lokacin da aka buɗe makarantar Informatics, wasunmu cewa muke yi me talaka zai yi da kwamfuta alhali ko wuta ba ta ishe shi ba. Yau ga shi, tun 2015 ba a rubuta JAMB sai a kwamfuta, tun 2021 kuma ba rajista sai da lambar NIN. Duk wannan ta hannunku yake bi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne 'yar yayata. A wani shago aka yi mata rajistar NIN. Yaron da ke kan na'urar waya na maƙale a kafaɗarsa, yana hira yana dannawa da yatsa ɗaya, sai ya sa rana a gurbin wata, wata a gurbin rana. Ba mu farga ba sai da aka zo neman makaranta, takardu suka ƙi haɗuwa. Uwarta ta sayar da akuya, aka yi ta jigila a mota, shekarar kuma ta wuce yarinyar. Minti ɗaya na natsuwa da ya hana duk wannan.

Ƙannena, dattijon da ya taho daga Amaryawa ko Gwiwa da takardunsa a naɗe cikin leda bai iya karanta abin da ke kan allonku ba. Ku ne idonsa. Kafin ku danna aikawa, ku karanta masa sunansa harafi-harafi, da ranar haihuwa, da babbar murya, ya ce haka ne. Lambar sirrinsa ta banki kada ku riƙe ta, ko da shi ya faɗa muku don yarda. Ku miƙa masa na'urar ya danna da kansa, ku kau da kai. Hoton takardunsa kuma ku goge idan aiki ya ƙare, kada ya kwana a filash ɗin da kowa ke ara.

Sai aikin hannu. Takardar shaida ba ta warkar da kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka. Ku koyi kwance ta ku share, ku san sola da batir, domin wutar nan ba abin dogaro ba ce.

Ku kuma iyayen gida masu shago, ku bar yara su taɓa na'ura, kada su shekara suna sayo mai a galan. Ku ɗauki 'yan mata ku koya musu, don akwai matan aure da yawa a ƙauyukanmu da ba za su zauna gaban namiji a cike musu fom ba.

Don Allah, gobe idan kun buɗe shago, ku ajiye waya kafin ku karɓi takardar mutum.

Wassalam, yayanku.