Wa Zai Biya Matan Da Ke Bin Gida-Gida A Birnin Zazzau?

'Yan'uwa, duk wanda ya san cikin birnin Zariya ya san cewa gidaje da yawa a Kwarbai, Kaura da Limancin Kona "ba shiga" ne. Namiji, ko da likita ne, iyakarsa zaure. Mace ce kaɗai ke ƙarasawa har ɗakin mai jego ta ga ko jariri yana kama nono, ko cibiya ta warke, ko ƙafafun uwar sun kumbura.

Kumburin nan ba abin wasa ba ne. Tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka danganta ciwon zuciyar da ke kama matan Zazzau bayan haihuwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da yawan shan kunun kanwa. Akwai asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, akwai na yara a Banzazzau, amma mai jego ba ta cika fita kafin arba'in ba. Sai dai a je mata.

An kuwa taɓa zuwa. A lokacin yaƙi da shan inna, matan unguwa sun bi gida-gida da tallafin UNICEF, har aka tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS don irin wannan aiki. To amma alawus ɗin irin waɗannan mata ya daɗe yana rataye a wuyan baƙi, kuma a 2025 Amurka ta zaftare agajin da take bayarwa. Mai dogaro da tukunyar maƙwabci, wata rana da yunwa zai kwana.

A ganinmu, hanyar kuɗi ba ta toshe ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Sai dai gini da fenti sun fi daɗin nunawa ranar buɗewa. Ba a yanka kirtani don kuɗin motar ma'aikaciya.

Muna kira ga Ƙaramar Hukumar Zariya da gwamnatin Jihar Kaduna su sa alawus ɗin matan nan a kasafin kuɗi da sunansa, a biya duk wata, a kuma bai wa masu unguwanni jerin sunayen waɗanda aka biya.