A'a, Malam, Kada Shugaba Ya Fara Magana

Malam, na karanta rubutunka inda ka shawarci sabbin shugabannin aiki su riƙa buɗe taro da bayyana matsayarsu, wai don a san wa ke riƙe da ragama. Sam ban yarda ba.

Dubi ɗakin taron da kyau. Oga ya ce a gama ginin kafin damina. Ƙaramin injiniya na can ƙarshen tebur, ya san siminti bai iso ba, ya san ba a biya magina ba, amma sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Wa zai musa wa maigidansa a bainar jama'a? Sai an tashi za ka ji gaskiya a bakin ƙofa, ana raɗa.

Tun 2004 Jeff Bezos ya hana PowerPoint a tarukan manyan Amazon. Ana fara zama da karatun takarda mai shafi shida, kowa shiru, shi kuma lokacin da yake shugabantar kamfanin yakan bar maganarsa sai ƙarshe. Don haka kamata ya yi sabon shugaba ya kira ƙaramin injiniyan nan da sunansa, ya tambaye shi abin da zai kawo cikas, ya dakata har ya ji amsa.