Tsohon Sa Da Ɗan Maraƙi: Ra'ayina Kan Dawo Da Tsofaffin 'Yan Wasa Kano Pillars

A garinmu Kutama, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo, akwai wata majalisa da muke zama bayan sallar isha'i a gefen teburin mai shayi. Babu abin da ba a tattaunawa a wurin, tun daga tsadar taki har zuwa siyasar Abuja, amma ban taɓa ganin gardamar da ke kai mu tsakar dare ba irin ta Kano Pillars. Duk lokacin da aka rufe kakar wasa aka buɗe kasuwar 'yan ƙwallo, sai tambaya guda ta sake dawowa: shin ya dace Pillars ta riƙa dawo da tsofaffin 'yan wasa masu suna da suka gama yawonsu a ƙasashen waje, ko kuwa ta rungumi yara ta yi haƙuri da su? Na daɗe ina cikin 'yan sauraro, to amma yau na ga ya kamata ni ma in tofa albarkacin bakina.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan hira ce ta marasa aikin yi. Tun da aka kafa Pillars a 1990, ba ƙungiyar wani attajiri ba ce da zai yi yadda ya ga dama da kuɗinsa. Ta gwamnatin Jihar Kano ce, daga baitulmalin jama'a ake biyan albashin 'yan wasanta. Ke nan manomin Kutama da bai taɓa taka filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba, shi ma yana da haƙƙi a cikin kowace naira da aka kashe. Bayan haka kuma ni abin ya shafe ni ta wata fuskar. Ina da ɗa a wurin Yayana, yaro ɗan shekara 18, wanda kullum da la'asar za ka same shi a filin makarantar firamare yana tamaula, kuma ba shi da wani buri da ya wuce ya wayi gari sanye da rigar Sai Masu Gida. Mutum 11 ne kawai ke shiga fili. Duk gurbin da aka bai wa wani, to an hana wani ne.

Ba a fara wannan gardama gadan-gadan ba sai a kan Ahmed Musa. Ga wanda bai san labarin ba, a Jos aka haife shi a 1992, ya zo Pillars yana ɗan matashi, kuma a kakar 2009/2010 ya ci ƙwallo 18 a gasar Nijeriya, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a raga. Daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, sai CSKA Moscow ta Rasha a 2012, sai Leicester City ta Ingila a 2016, sai Al Nassr ta Saudiyya a 2018. Shi ne ya ci Ajantina ƙwallo 2 a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya kuma ci Iceland 2 a ta 2018. A watan Afrilun 2021, lokacin ba shi da ƙungiya, ya dawo Pillars na ɗan gajeren lokaci, kafin ya tafi Turkiyya a tsakiyar wannan shekarar. Sai kuma a watan Oktoban 2024 ya sake dawowa, shi da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, wanda shi ma tsohon ɗan Pillars ne da ya ciyo wa Nijeriya lambar tagulla a wasannin Olamfik na 2016. A wasansa na farko bayan wannan dawowar, Ahmed ya ci Sunshine Stars ƙwallo 2.

Yayana, wato uban yaron da na ambata, shi ne jagoran masu goyon bayan dawo da manya a majalisarmu. Daren da aka ci Sunshine Stars ya dube ni ya ce, "Kai ƙane, yanzu kuma me za ka ce? Ai da tsohuwar zuma ake magani." Gaskiya hujjojinsa ba na yarwa ba ne. Na farko, ya ce ka dubi yaranmu, sun san sunan kowane ɗan benci a Chelsea da Arsenal da Barcelona, amma ba za su iya lissafa maka mutum 5 a Pillars ba, sai da Ahmed ya dawo sannan aka fara jin ana tambayar sakamakon wasan gida a gidan kallo. Wannan kuwa gaskiya ne, da idona na gani. Na biyu, ya ce wasan waje a gasar Nijeriya ba wasan yara ba ne. Ka kwana biyu a mota zuwa Aba ko Fatakwal, ka sauka a gajiye, 'yan kallo su yi maka ca, dole sai da wanda ya saba ganin taro a cikin tawaga, wanda zuciyarsa ba ta rawa. Na uku, ya ce ɗa ya tafi ya yi suna a duniya, ya ce zai dawo gida, da wane baki za a ce masa babu wuri?

Masu adawa kuma, waɗanda galibinsu matasa ne, sukan tuna masa cewa Ahmed ya zo a 2021, amma a 2022 Pillars ta faɗa rukunin 'yan dagaji, sai a 2023 ta farfaɗo ta dawo. Sukan ƙara da cewa a kakar 2024/2025 da aka tara manyan, Remo Stars ce ta ɗauki kofi. A adalce, ba za a ɗora wa Ahmed faɗuwar 2022 ba, domin kuwa yana Turkiyya aka yi ta. To amma abin da take nunawa shi ne, zuwan babban ɗan wasa na wata uku ko huɗu bai gyara komai a gindin ƙungiyar ba. Ya zo an yi murna, ya tafi ya bar ta yadda ya same ta.

Abin da ya warware mini zare a kaina, ba daga bakin masana ƙwallo na ji shi ba. Wani dattijo ne manomi da kan zo shan shayi, wanda ko dokar satar fage bai sani ba. Wata rana da hayaniya ta yi yawa sai ya ce, "'Ya'yan nan, ku ba ku taɓa horar da shanun huɗa ba ne?" Aka ce, "Baba, me ya haɗa shanu da ƙwallo?" Ya ce shi idan zai koya wa ɗan maraƙi huɗa, ba ya haɗa shi da ɗan'uwansa maraƙi a karkiya guda, don sai su ja garmar su shiga gonar maƙwabci. Da tsohon sa yake haɗa shi, wanda ya san kunya, ya san inda ake juyawa a bakin gona, ya san muryar mai shi. Kafin damina ta yi nisa, ƙaramin ya koya. Sannan ya ce, "Amma fa wanda ya je kasuwa ya sayo tsofaffin shanu biyu don ya ji an ce sun yi suna a huɗa, ya bar maruƙansa a turke suna cin harawa, bana zai yi noma, baɗi kuwa ba shi da tsoho ba shi da yaro."

Wannan shi ne matsayina. Ba na adawa da dawo da tsohon ɗan wasa, amma sai in an san aikin da aka kawo shi ya yi. In an kawo shi ne a haɗa shi karkiya da yaro, kuɗin ya yi amfani. In kuwa an kawo shi ne ya janye garmar shi kaɗai, yara suna benci suna kallo, to an yi asara ko da ya ci ƙwallo 15, kai ko da a ce kyauta yake bugawa, domin gurbin da ya tare ya fi albashin tsada.

Ko a Turai, inda 'yan majalisarmu suka fi sanin labari, an ga misalin duka biyun. A watan Disambar 2019 Atalanta ta lallasa AC Milan da ci 5 da nema. Cikin 'yan kwanaki Milan ta dawo da Zlatan Ibrahimovic yana da shekara 38, ta jefa shi cikin yara irin su Rafael Leao da Theo Hernandez. A 2022 Milan ta ɗauki kofin Italiya karo na farko tun 2011, kuma a wannan kakar ba tsohon ne ya ɗauki nauyin ƙungiyar ba, don ya sha jinya, Leao ne aka zaɓa gwarzon gasar. Tsohon sa ya yi aikinsa ke nan. A ɗaya ɓangaren, Manchester United ta dawo da Cristiano Ronaldo a watan Agustan 2021 yana da shekara 36. Ya ci ƙwallo 24 a kakar, babu wanda zai ce bai yi ƙoƙari ba, amma ƙungiyar ta ƙare a matsayi na 6, kuma a watan Nuwambar 2022 aka raba gari ba a cikin daɗi ba. Ƙwallayen sun shiga raga, ƙungiyar kuwa ba ta ci gaba ba.

Mu dawo gida. Mu tambayi kanmu, yaushe ne Pillars ta fi ƙarfi? Ta ɗauki kofin gasar Nijeriya a 2008, sannan ta jera shi sau uku a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, bayan an tashi 1-1 a Kano da 2-2 a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Duk wannan ba da taurarin da aka kwaso daga Turai aka yi shi ba. Da 'yan wasan da suka daɗe tare aka yi, irin su Gambo Muhammad da Rabi'u Ali. Shi kansa Ahmed Musa da muke ta gardama a kansa, yana ɗan shekara 17 ya ci waɗancan ƙwallaye 18. Da a ce a 2009 shugabannin Pillars sun cike gurbin da wani tsohon gwarzo, suka ce yaron nan ya jira tukuna, da wa zai san shi? Duk mai son Ahmed da gaske, kamata ya yi ya fi kowa son a bai wa yara irin damar da aka ba shi.

Na san za a kawo mini zancen Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, a ce ga shi ya haura shekara 40 yana bugawa yana kuma ci. Haka ne, kuma ina cire masa hula. Sai dai shi ba sayo shi aka yi bayan ya tsufa ba, a cikin gidan ya tsufa, kamar san da ka raina da hannunka. Sannan duk ranar da ƙungiya ta wayi gari ta ga begenta na cin ƙwallo yana wuyan mutumin da ya haura 40, to yabo ne a gare shi, amma abin dubawa ne a gare ta. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, wa aka haɗa da shi a karkiya duk tsawon shekarun nan, kuma ina wanda zai gaje shi?

Saboda haka, da za a nemi shawarata kafin a ɗauko wani tsohon ɗan wasa, abubuwa huɗu zan faɗa. Na ɗaya, likita ya duba shi sosai, kuma a gan shi a atisaye, kada a sa hannu a kwantiragi saboda abin da ya yi shekara 10 da suka wuce. Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba. Na biyu, kada manyan su wuce biyu ko uku a tawaga, kuma kowannensu a san yaron da ke bayansa, a riƙa sako yaron ana ba shi mintuna, musamman a wasannin gida. Na uku, albashinsa kada ya zama sanadin da sauran za su riƙa bin bashin nasu, domin babu abin da ke raba kan 'yan wasa kamar a ga mutum ɗaya yana cin nama sauran suna lasar romo. Na huɗu, koci ya kasance yana da ikon ajiye shi a benci ranar da ya ga ƙafarsa ta yi nauyi, ba tare da ya ji tsoron rasa aikinsa ba.

Wannan na huɗun shi ya sa naɗin da gwamnatin Kano ta yi wa Ahmed Musa a watan Yulin 2025 a matsayin babban manajan Pillars ya zo mini da farin ciki da kuma ɗar-ɗar. Farin ciki, domin mutumin da ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a Holan da Rasha da Ingila, ofis ne wurin da iliminsa zai fi daɗewa yana amfani. Ɗar-ɗar kuma, domin a lokacin yana cikin 'yan wasa, kuma ban san kocin da zai iya duban shugabansa ya ce masa yau ka zauna ba. Ba ina zargin kowa da komai ba ne, tsarin ne nake ganin yana da nauyi ga kowane koci, ko wane ne shi.

Akwai kuma abin da nake roƙo wanda ya fi duk waɗannan. Idan har ana da kuɗin ɗauko babban ɗan wasa guda, to a ware ko da rabinsa a tura masu farautar yara zuwa Gwarzo da Kabo da Ƙaraye da Rogo da Shanono, su zauna a bakin fili su kalli gasar unguwanni da ake yi bayan an kawar da amfanin gona. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, ba takwas na cikin birni kaɗai ba. Yaron ƙauye ba shi da kuɗin motar zuwa gwaji sau uku sau huɗu, ba shi kuma da wanda zai kama hannunsa ya kai shi gaban koci. In ba a zo an gan shi ba, haka zai gama ƙuruciyarsa a filin firamare.

Na faɗa wa Yayana wannan magana gaba da gaba. Na ce, "Yaya, kai da kake cewa a cike tawaga da manya, ɗanka fa a ina zai shiga?" Ya yi shiru ya kurɓi shayinsa, can ya ce, "To ai ni so nake ya buga tare da su." Na ce ashe bakinmu ɗaya, tare da su muke so, ba a bayansu ba. Yaron dai har yanzu yana fita atisaye kowace la'asar da takalmin da ya sha ɗinki, mu kuma muna nan muna jiran ranar da wani zai zo daga Kano ya tsaya a bakin filin.

Wannan shi ne ɗan abin da na hango. Wanda yake da wani ra'ayi daban, ƙofa a buɗe take. Allah Ya sa mu dace, amin.