Sharhi: Faffaɗan allo, siririn rubutu



Duk wanda ya leƙa shagon kwamfuta a nan Kontagora lokacin rajistar JAMB ko duba sakamakon NECO ya ga abin da zan yi magana a kai. Mai shago ya zuba kuɗi ya sayo faffaɗan allo, amma da ya buɗe shafin intanet sai rubutun ya maƙale a tsakiya kamar turba a cikin gona, dama fari fat, hagu fari fat. Wani mai shago ya ce da ni, "Malam, rabin kuɗina yana zaune a banza."

Yana da ɗan gaskiya. A da allon kwamfuta kusan murabba'i ne, mai ɗigo 1024 a kwance, don haka masu tsara shafi suka saba yanka shi a kan ɗigo 960 domin ya shiga daidai. Yau allo yana kai 1920. Taguwar yaro ce aka ba ƙato.

Sai dai sababbin shafuka ma da gangan suke barin gefen. Manomi ya san wahalar doguwar kunya. Ido ma haka yake. In layi ya miƙe daga wannan bango zuwa wancan, kafin ido ya dawo ya ɓata inda zai kama. Masu aikin ɗab'i sun daɗe suna cewa haruffa 45 zuwa 75 sun ishi layi guda. Dalilin ke nan da Wikipedia ta Turanci ta matse faɗin rubutunta a watan Janairun 2023. An sha ƙorafi, kuma akwai wurin da mai son faɗi zai danna ya buɗe abinsa.

Ni damuwata tana wani wajen. Yawancinmu da waya muke shiga intanet, kuma faɗinta a lissafin shafi bai wuce ɗigo 360 zuwa 400 da 'yan kai ba. Tun 2010 wani Ba'amurke, Ethan Marcotte, ya bayyana dabarar tsara shafi mai bin girman allo, ya buɗe a babba, ya naɗe a ƙarami. Amma har gobe akwai shafukan neman aiki da gurbin karatu da ba su ji labari ba. Yaro ya cike fam tsaf a wayarsa, wurin dannawa a tura ya ɓuya can gefe, yatsa ya ja ya ja bai kai ba. Dole ya hau mota daga Rijau ko Ibeto ya zo gari, ya biya mai shago don dannawa ɗaya.

Shi kuwa mai shagon nan, na nuna masa ya riƙe maɓallin Windows ya danna kibiyar hagu. Allo ya rabu biyu: fam a gefe guda, takardar ɗalibi a ɗaya gefen. Ya yi dariya, ya kira na gaba a layi.